Shekarar da Naira Ta Mutu a Hannunmu

Ku da ke zaune yau bayan gilashi a ajans na aika kuɗi, kuna danna ordinater, wato kwamfuta, na sha jin kuna cewa canji ba sana'a ba ce, karɓa ce da miƙawa. Rabi, ɗiyar ƙanena da ke aiki a ɗaya daga cikinsu nan Tasawa, ta ce mini abu guda ke ba ta wahala: dokar da ta ce kafin ta taɓa kuɗin mutum sai ta ga katinsa, ta tambaye shi inda ya samo su, ta duba ko sunansa na cikin waɗanda hukuma ta hana a yi hulɗa da su. Ta ce mutane na jin haushi, wasu har su zage ta. Na ce mata ta jawo kujera, don mu ma mun yi wannan tambayar, a bisa tabarma.

Sunana Habu, a kasuwa ana ce mini Habu Canji. Na shiga sana'ar bayan babban farin da ya ƙarar da shanun mahaifina a ƙauyenmu, kudu da Tasawa, hanyar Hawandawaki. A shekarar ne soja suka fara karɓar mulki a ƙasar nan. Gona ba ta ba da ko iri ba, ga ni da sabuwar amarya. Sai kawuna ya kai ni wurin Alhaji Mantau, ɗan canjin da ke shimfiɗa a gindin wani iccen bedi, bakin kasuwa, kusa da masu goro. Dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya, kuma ban taɓa ganin ya yi sauri ba sai in an kira salla.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Tabarma, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu da Alhaji ke jingina da shi. Roba da muke yankowa daga tsohuwar tayar keke don ɗaure kuɗi. Ƙoƙon ruwa na jiƙa yatsa. Duwatsu masu santsi da muke dannewa da su kada iska ta kwashe mana dukiyar mutane, don na taɓa ganin guguwa ta shiga tabarmar wani ɗan canji, yara suka bi takardun jika-jika har cikin mahauta. Sai rediyo, wanda Alhaji ke naɗewa da tsumma kamar jinjiri. Ba talho a lokacin. Farashin naira da sefa yana zuwa ne a bakin direbobin kamyo, manyan motocin kaya, da suka kwana Maraɗi ko suka ƙetaro daga Katsina, kuma aikina na farko shi ne in tare su da safe in ji abin da suka taras. In direba biyu suka faɗi magana iri ɗaya, Alhaji ya yarda. In suka saɓa, ya jira na uku.

Na daɗe ban taɓa kuɗi ba. Ranar da ya fara ba ni, rufe mini ido ya yi da rawaninsa, ya zuba mini takardu a cinya ya ce in ware naira daban, sefa daban, in fitar masa da jabun da ya sa a ciki. Na yi ta lalube har masu goro suka gaji da dariya. Da sannu yatsa ya koya. Jabu tana da santsi kamar takardar ƴan lakwal, wato makaranta, ta gaske tana da ƙarfi, in ka girgiza ta kusa da kunne tana da kukanta. Daga baya hanci ma ya koya. Kuɗin mahauci ƙanshin kitse suke yi. Kuɗin da aka binne cikin tulu suna warin ƙasa, gara ta ci gefensu. Kuɗin ɗan cirani laushi gare su, don an ɗinke su cikin ƙugun wando tun daga Kano ko Ikko, sun sha gumi.

Kowa ya zo da kuɗi, bayan gaisuwa, Alhaji zai ce masa, «Mi ka saida?» Ba da faɗa ba, kamar yadda ake tambayar gida. Mutum ya ce wake, ko rago, ko ya ce wata huɗu ya yi yana ga-ruwa. Sai Alhaji ya dubi kuɗin, ya dubi hannun mai su. In maganar ta yi daidai da abin da ke gabansa, a yi ciniki. In mutum ya ce akuya ya saida, ga shi da sabbin takardu da ɗaurin banki, Alhaji zai ce yau sefarsa ta ƙare, ya gwada gaba. Wata rana na ce masa, «Maigida, ina ruwanmu? Ai kuɗi kuɗi ne.» Ya ce, «Habu, in ɓarawon shanu ya kawo mini naira na ba shi sefa, ni na ɓoye mishi sawu. Mai shanu in ya biyo, a tabarmata sawun zai ɓace.»

Shekarun nan sun yi daɗi. Naira na da ƙarfi, har a ƙauyukan arewa ana karɓar ta kamar sefa, wasu ma sun fi son ta. Ranar kasuwa ba ma samun cin abinci sai la'asar. Mata masu ƙuli-ƙuli su kwance bakin zane, Fulani su tsuguna nesa kaɗan su miƙo da hannu biyu, ƴan cirani su zo da sabon agogo da labarin birni. Akwai wani dattijo, Baba Iliya, manomi daga wani ƙauye kusa da Attantane, shi ne babba a ƴar majami'arsu. Duk shekara in ya saida wake sai ya zo har Tasawa, ya wuce ƴan canjin Mayahi, ya ce shi wurin Mantau ya saba. Su zauna su yi ta gardamar wane iri ya fi jure fari, lokacin salla ya yi Alhaji ya bar masa tsaron akwati ya tafi masallaci.

Wajen shekara goma ina tare da shi aka shiga mummunar shekara. Soja sun karɓi mulki a Najeriya su ma. Wata safiya da bazara, ina shimfiɗa tabarma, Alhaji ya kunna rediyo, muka ji an ce an rufe iyaka ruf, kuma za a sake launin naira. Wa'adi kaɗan aka bayar, kuma a bankunan cikin ƙasarsu kaɗai za a karɓi tsohuwa. Mai labarai ya ce an yi haka ne don manyan da suka kwashe dukiyar ƙasa suka ƙetare da ita, kuɗin su zama takarda a hannunsu.

Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya kashe rediyo. Ya ce, «Ɓarayin sun ja wa kansu. Sai dai ba su kaɗai abin zai taka ba.» Sannan ya buɗe akwati. Lokacin ne ƴan cirani ke dawowa gida don shirin damina, kuma makonnin nan duk mun saye nairar da suka zo da ita, mun ba su sefa. Akwatin cike yake da naira har baki. Abin da ya tara tun yana saurayi ke nan.

Wasu ƴan canji suka ɗaure kuɗi a ciki suka bi ta daji da nufin isa banki a Daura ko Katsina. Ƙalilan suka dace. Da yawa soja suka tare su, aka ƙwace kuɗin, aka yi musu duka, wani ma bai dawo ba. Na ce wa Alhaji ni ɗan hanyar Hawandawaki ne, na san kowane burtali, ya bar ni in gwada. Ya ce, «Kawunka da rai ya kawo ka. Ba ni aika ka bakin bindiga saboda takarda.»

Ana cikin haka wata farar fijo ta tsaya a bakin kasuwa. Wani mutum ya fito, babbar riga tana ƙyalli, Hausarsa ta kudu. Ba mu san sunansa ba har yau, Alhajin Kudu kawai aka riƙa ce masa. Ya tuɓe takalmi ya hau tabarmarmu, ya yi gaisuwa mai kyau, sannan ya ce Alhaji ya zo ya ga wani abu. Na bi su. Direbansa ya ɗaga bayan mota. Buhuna ne, ya kwance bakin ɗaya, tsohuwar naira ce sabuwa fil, da ɗaurin banki.

Ya ce, «Alhaji, ba canji na zo ba, na san ba mai karɓa. An ce mini mutanen ƙauye sun yarda da kai. Can arewa ba rediyo, labari bai kai ba. Ka ɗauki kuɗin nan ka saye mini shanu da hatsi, ko nawa suka ce ka ba su. In an kawo nan a saida a sefa, ka ɗauki rabonka. Kuma na ji kai ma akwatinka cike yake. Ka haɗa da naka, ka fita ba asara.»

Na dubi Alhaji. Hanya ce a buɗe, ba daji, ba bindiga, kuma duk abin da ya mallaka zai dawo. Ya daɗe yana kallon buhun. Can ya ce, «Mi ka saida, Alhaji?»

Mutumin ya yi dariya. «Wannan kuma wace irin tambaya ce?»

«Ita nake wa kowa. In ba ka da amsa, ga takalminka can.»

Mutumin bai yi fushi ba. Ya sa takalminsa ya taka zuwa ɗaya gefen kasuwa, wurin Ɗan Tanin. Shi ma ɗan canji ne, abokin Alhaji tun suna yara, kuma shi ma nairar ta mutu a hannunsa, ga gida cike da iyali. Washegari da hantsi muka ga kamyo biyu wofi sun kama hanyar Mayahi, Ɗan Tanin na zaune gaban ɗaya daga cikinsu.

Alhaji ya sa hula ya tafi wurin jandarma ya faɗi abin da ya gani. Suka rubuta, suka ce motarsu na bakin iyaka, da ta dawo za su bi. Da ya dawo ya aro mobilet, ƙaramin babur, wurin wani tela, ya sayi isansi, wato fetur, a kwalabe, ya ɗaure mini rediyonsa a baya. Ya ce, «Je ka faɗa musu. Ko'ina ka tsaya ka ce Mantau ya ce kada a karɓi tsohuwar naira, ko daga hannun wa ta fito, ko daga nawa.»

Wannan tafiya ita ce aikin canji mafi wuya da na taɓa yi, kuma ban canza ko dala ba. Rairayin hanyar yana haɗiye taya, inda mobilet ta ƙi sai in sauka in tura, ƙasa na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. A Mayahi na sami sarkin kasuwa, ya sa sanƙira ya zagaya da shela. Daga nan na bi sawun kamyo zuwa arewa. Ƙauyen farko na taras an riga an gama, turaku wofi, mutane na murna don an ba su ninkin farashi. Da na yi magana wani ya ce hassada ce ta ƴan canji, don ba ta hannunmu aka bi ba. Wata tsohuwa ta fito da nata daga cikin ƙwarya ta ce, «Ɗana, duba, sabbi ne, ko lanƙwasa ba su da.» Na ce mata na gani, Inna. Na hau na ƙara gaba, don in na tsaya bayani za su ƙara nisa.

Sai washegari da azahar na cim musu, a ƙauyen su Baba Iliya. Kamyo na tsaye kusa da rijiya, an sa katako ana hawar da shanu. An buɗe rumbuna, mata na ɗauko damman hatsi a ka, har da wanda aka ajiye don iri. Ɗan Tanin na zaune a inuwa da buhu a gabansa yana biya. Baba Iliya na riƙe da igiyar bijimansa biyu na noma a hannu ɗaya, ɗaurin naira a ɗayan.

Ɗan Tanin ya gan ni ya miƙe. «Habu, mi ya kawo ka nan?»

Na gaishe shi yadda ake gaida abokin uba, sannan na ce, «Baba, aike ne.» Na juya wurin maigari da mutanen da suka taru, na faɗi saƙon kamar yadda aka ba ni. Hayaniya ta tashi. Wasu na cewa ƙarya ce, yaran kamyo na cewa a kore ni. Na kwance rediyo na ɗora bisa bakin rijiya, na ce a ba ni har lokacin labarai. Maigari ya ce a dakata da lodi. Muka tsaya a rana muna jin kiɗa. Da labarai suka zo aka maimaita sanarwar, aka faɗi ranar da wa'adi zai cika. Ko da doki mutum ya tashi a ranar, ga iyaka a rufe, ba ya kaiwa.

Duk da haka wasu na ta duban kuɗin hannunsu, sun kasa yarda abu mai kyau haka ya mutu. Baba Iliya ya matso kusa da ni.

«Mantau ya aiko ka da bakinshi?»

«Shi ya aiko ni, Baba.»

«In na kai mishi waɗannan gobe, shina karɓa?»

«Ba ya karɓa. Nashi ma na nan cike da akwati. An ce mishi ya kawo su nan ya saye hatsinku, ya ƙi.»

Dattijon ya sunkuya ya ajiye ɗaurin a gaban Ɗan Tanin, ya ɗora dutse a kai kada iska ta ɗauka, ya ja bijimansa ya nufi gida. Maigari ya ce duk abin da bai bar garin ba ciniki bai faɗa ba. Aka sauke shanu, mata suka juya da dammansu, limamin garin da kansa ya tsaya yana nuna wa kowa nasa. Ɗan Tanin ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya riƙe. Ya ce, «Habu, ka san gidana. Mi zan ba su?» Na jawo guga na ba shi ruwa ya sha.

Jandarma sun tare kamyo ɗaya a hanyar dawowa, aka mayar wa wasu da dabbobinsu. Ɗayar ta riga ta wuce. Alhajin Kudu ya bar buhunansa a gidan da ya kama haya, ya ɓace. Aka rufe Ɗan Tanin. Sannan oda ta zo daga sama cewa duk ɗan canji ya naɗe tabarma sai yadda hali ya yi, ba a ware wanda ya kai rahoto da wanda aka kama ba. Alhaji ya naɗe tabarmarsa. Ya koma taya maƙwabcinmu mai goro jiƙa algarara, buhun da ake lulluɓe goro da shi, ni na koma dako a tasha. Duk da haka, in ya auno hatsi sai ya raba, ya ce in kai rabi gidan Ɗan Tanin in ba uwargida, kada in ce daga ina.

Damina ta zo ta ƙi. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Ƙauyukan da kamyo suka riga ni isa su suka fara watsewa, don ba hatsi a rumbu, ba dabbar da za a saida. Ina tasha na ga mutanensu suna wucewa da tabarmi da tukwane a ka. Na gane tsohuwar nan mai ƙwarya a cikinsu. Ƙauyen su Baba Iliya sun sha wuya su ma, amma sun kai wata damina a gidajensu.

Shi ya sa, Rabi, da ke da abokan aikinki, ba na raina takardun da ake sa ku cikawa. Ƙasa na da haƙƙin ta toshe wa ɓarawo da mai sayen bindiga hanyar kuɗi. Na kuma san irin wannan mataki ba shi da ido. Kun gani da kanku kwanan baya, da aka sa mana takunkumi, aka rufe iyaka, bankuna suka bushe, mai jinya ya rasa yadda ɗansa zai aiko masa kuɗin magani. Waɗanda ke yanke hukuncin suna nesa, ba su san fuskar kowa ba. Wanda ke zaune inda kuɗi ke sauya hannu shi ke ganin fuska, shi zai iya bambanta manomi da mai buhu. In ya yi kasala, mai buhu ya wuce, manomi ya biya.

An bar mu mun koma shimfiɗa daga baya, da ɗan jarin da masu goro suka haɗa wa Alhaji, kuma a gindin bedin nan ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Amma kafin nan, cikin tsakiyar yunwar, mutane suka fara zuwa gidansa a asirce. Sun ji yana da matacciyar naira, suna so su saya da arha. Sun ce wai ado za su yi da ita, amma kowa ya san akwai sauran rugage da tungaye can nesa inda za ta iya shiga. Kuma a lokacin ko jika biyu aka ba shi, abincin kwanaki ne a gidan.

Wata safiya ya aika a kira ni. Na taras ya fito da akwatin tsakar gida, ya tara kara. Ya ce in kwance robobin in ajiye, za su yi amfani. Na riƙa kwancewa ina miƙa masa, yana zubawa. Na san wasu takardun da hannuna, har da masu laushin nan na ƴan cirani. Ya ƙyasta ashana. Maƙwabta suka leƙo ta kan darni.

Hajiya, matarsa, ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallo. Sai ta koma, ta dawo da duwatsun murhu da tukunya. Ta ce, «Alhaji, matsa. Itace ya yi tsada, ba a bari wuta ta ci banza.» Ta gyara duwatsun a kan wutar, ta ɗora ruwa, ta dama ɗan garin da ya rage da tsamiya. Ni ina ƙara naira a wuta, ita tana motsawa.

Da kunun ya yi ta zuba a ƙwarya ta ajiye gabansa. Ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya ce, «Tun da nake ban sha kunu mai tsadar wannan ba.» Ya miƙo mini ludayin. «Sha, Habu. Da guminka a ciki.»